Martani ga masu cewa sojojinmu sun cika ƙorafi

Duk lokacin da maganar alawus ɗin ƙananan sojoji ta taso, sai wasu masu sharhi su yi caa suna zarginsu da rashin godiya. Ga amsata gare su.

Sun ce an ƙara musu kuɗin abinci, me kuma suke nema? Gaskiya ne a 2025 rundunar sojin ƙasa ta ɗaga kuɗin daga naira 1,500 zuwa 3,000 a rana. To a raba shi uku, dubu ɗaya ke nan kowane ci. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta ninka fiye da sau uku, abinci kuma ya bi ta. Wanda ya kwana a rami a dajin Sambisa ko na Zamfara yana rungume da bindiga, shi ne ake wa gorin naira dubu?

Sun ce tsaro na cikin masu lashe kaso mafi tsoka a kasafin kuɗi. Haka ne, amma kuɗi a takarda daban, kuɗi a aljihun kurtu daban. Ba mu manta da dala biliyan 2.1 na sayen makamai ba, waɗanda a kansu aka gurfanar da Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a kotu a 2015.

Zargin da ya fi ci mini rai shi ne wai sun san aikin kafin su shiga. Ƙwarai, sun yi rantsuwar ba da ransu. Amma alkawari ɓangare biyu gare shi, kuma gwamnati ma ta ɗauki nata: albashi a kan kari, alawus ɗin fagen daga cikakke, da haƙƙin magada idan ta Allah ta kasance. Matar da aka kawo mata kakin mijinta bai kamata ta riƙa zarya a ofisoshi da marayu a baya ba.

Batun cewa ƙorafin rashin ɗa'a ne kuwa, soja ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba ya yajin aiki. In mu farar hula muka yi shiru, wa zai faɗa?

Ina kira ga kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya su sa a bayyana abin da kowane muƙami ke karɓa, a kuma tabbatar kowane alawus yana shiga asusun sojan kai tsaye.