Darasin Gawo: Mu Riƙe Masu Sana'ar Garinmu

Manoma da makiyaya, maza da mata na ƙasar Magarya da Dungas, zancenmu na yau a kan rana ne, da itace, da aikin yi ga ƴaƴanmu. Amma bari mu soma da gawo, domin shi ne malaminmu.

Dattawanmu ba su manta da farin shekarar 1984 ba. A lokacin gonaki da yawa sun zama fili fetal. Iska tana kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka, sai an yi shuka biyu ko uku kafin ta kama. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki. Bayan wannan wahala manoma suka sake dabara. Idan sun zo sassabe, ba su sare kowane toho. Sai su zaɓi masu ƙarfi su bari, su rage musu rassa, su kare su har su girma. Wannan shi ne sassaben zamani.

A shekarar 2006 masana sun zo sun duba. Sun tarar kimanin hekta miliyan 1 ta sake cika da itatuwa a ƙasar Magarya da Matamai da Mirya, kuma mafi yawansu gawo ne. A lokacin Dungas tana cikin Magarya, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. A duk faɗin Nijar an ƙiyasta hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Wa ya yi wannan aiki? Manomi ne, da gatarinsa da haƙurinsa. Ya ga gawo yana kakkaɓe ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. Ya ga ganyen yana zama taki, ƴaƴan kuma abincin bisashe ne da rani. Da ya tabbata amfanin nasa ne, sai ya kula. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Darasin a fili yake. Abin da mutum ya mallaka, yake kuma cin moriyarsa, shi ne ke ɗorewa. Kayan aro ba ya rufe katara. A ra'ayinmu, haka ya kamata mu ɗauki sababbin sana'o'in da ba su cin daji, ba su kuma ƙona mai. Idan muna son su zauna a ƙasarmu, sai sun zama abin cin abincin ƴan garinmu. Ga uku daga cikinsu.

Mai haɗa famfon rana

Allah ya ba mu fadamun Korama, inda ruwa yake kusa. Daga Bande zuwa Waca, daga Guci zuwa Dungas, ana noman rake da tumatir da barkono da kabeji. Masu garka da yawa suna ban ruwa da injin fetur. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, kuɗinsa ya tashi a duk bakin iyaka, kuma kowane mai garka ya ji a jikinsa. A watan Agusta na shekarar aka yanke wutar lantarkin da take zo mana daga can, har tsawon watanni. Rana kuwa ba mai iya rufe mata iyaka.

Famfon rana ba shi da wuyar ganewa. Faranti ne ake kafawa ya fuskanci rana. Shi ke mai da haske ya zama lantarki, lantarkin ya juya famfo, ruwa ya hau. Ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. Amma yana son mai haɗa shi daidai, da mai gyara shi idan ya tsaya. Wannan sana'a ce sukutum ga matashi.

Kada mu ce wannan ilimin baƙi ne. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi shekaru yana shugabantar ma'aikatar binciken makamashin rana ta ƙasarmu. Sunansa ne jami'ar Yamai take ɗauke da shi. Wani ɗan Nijar kuma, Abdu Maman Kane, ya ƙirƙiro dabarar kunna ban ruwa da kashe shi ta wayar salula. A 2015 ya samu babbar kyauta ta duniya a kan harkar ruwa.

Maƙerin murhu

Murhun duwatsu uku yana cin itace ba kaɗan ba, domin iska tana watsa wutar. Hayaƙinsa yana shiga ido da ƙirjin mai girki da na goyon da ke bayanta. Yana jawo tari da ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a kowace shekara. Tun shekarun 1980 aka san murhun ƙarfe Mai Sauƙi a Nijar. Yana tattara wuta a gindin tukunya, sai itace kaɗan ya dafa tuwo. Maƙeran gida ne ke ƙera shi. Duk murhun da aka saya, maƙeri ya samu cefane, uwargida ta samu sauƙi, gawo kuma ya tsira.

Mai ginin tukwane

Tumatir ba ya jiran kasuwa. Idan ya nuna gaba ɗaya, sai a sayar da arha ko a zubar. A Jigawa, maƙwabtanmu na kudu, wani malamin makaranta mai suna Muhammad Bah Abba ya yaɗa wata dabara a shekarun 1990. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba. A cika tsakaninsu da rairayi mai laima. A zuba kayan miya cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan ke bushewa, sai ya tafi da zafin. Tumatir da barkono suna iya yin mako uku ba su lalace ba. Malamin bai kawo tukwanen daga waje ba. Maginan tukwane na ƙauyuka ya ba aikin. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex. Yumɓu muna da shi, masu ginin ma muna da su.

Ina gizo ke saƙa?

Wani zai ce: kayan rana suna da tsada, talaka ba ya iyawa. Gaskiya ne, kuɗin farko yana da nauyi. Amma injin fetur kullum sai an ciyar da shi, famfon rana kuwa sau ɗaya ake ɗaukar babban nauyinsa. Abin da manomi ke bukata shi ne a ba shi lokaci ya biya kaɗan-kaɗan, bayan ya kai amfanin garka kasuwa.

Wani kuma zai ce: mu jira masu ba da taimako su kawo mana kyauta. Mun gode wa duk mai taimako. Amma mun sha ganin famfon da aka kafa da kiɗa da guɗa, bayan shekara biyu ya tsaya saboda ƙaramin ƙarfe, ba mai gyara a kusa. Kyautar da ba ta bar gwani a gari ba, kwananta kaɗan ne. Wani lokaci ma tana karya ɗan kasuwar gida, domin ba mai sayen abin da yake sa ran samu a banza.

Akwai kuma laifinmu. Mukan kira yaron gari ya yi gyara, mu ce masa Allah ya yi albarka, mu hana shi ladansa. Gobe sai mu ji ya tafi ci-rani Kano ko Libiya ko Aljeriya, mu zauna muna cewa matasa ba su son zaman gida.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu sayi na gida. Idan maƙerin garinmu ya iya murhu, kada mu tsallake shi.

2. Mu biya mai gyara haƙƙinsa a kan lokaci, ko da ɗanmu ne.

3. Mu haɗa kai. Masu garka huɗu ko biyar da ke maƙwabtaka suna iya tarayya a famfo ɗaya. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka soma a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna cewa kuɗin mako-mako yana zama jari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

4. Magadan gari da hukumomi su taimaka da koyarwa. A sa haɗa kayan rana da gyaransu cikin darussan cibiyoyin koyon sana'a, a ɗauki ƴan mata tare da samari. Idan za a sa wutar rana a ɗakin shan magani ko makaranta, a ba ƴan gari aikin kula da ita.

5. Asusun ajiya da bashi su ba masu sana'a rance wanda lokacin biyansa ya dace da lokacin girbi.

Su ma masu sana'a muna da jan kunne gare su. Ku riƙe amana. Kada ku sayar da jabun kaya da sunan na ƙwarai. Ku faɗa wa mai saye ya riƙa share ƙurar hunturu daga farantin, domin ƙura tana rage ƙarfinsa. Ku faɗa masa ya kashe famfo idan garka ta sha, domin ruwan ƙasa yana da iyaka. Tsohon batir kuma akwai dalma a cikinsa, guba ce ga yara. Kada a fasa shi a gida, kada a jefa shi kusa da rijiya.

Jama'a, iyayenmu sun mai da fili fetal ya zama daji da hannunsu. Yanzu saura mu. Toho ne ke zama gawo idan an bar shi an kula da shi, haka ma ƙaramin mai sana'a. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.