Motar lantarki a Arewa: matsalar tana gida, ba a tashar caji ba

Duk lokacin da aka ɗora hoton motar lantarki a Facebook, tambayar farko ita ce: a ina za a yi mata caji? Tambaya ce mai kyau, domin wuraren caji mai sauri a Najeriya ba su da yawa, kuma galibinsu suna Legas da Abuja. Amma ni a ganina akwai tambayar da ta riga ta: ina motar za ta kwana, kuma awa nawa ake kawo wuta a wurin?

Mu ɗauki Hyundai Kona, wadda aka harhaɗa a Legas. Batirinta kilowat-awa 64 ne, wato ya fi na wayoyi 3,000 irin naka a haɗe. Idan ka jona ta a soket ɗin bango, sai ta kusa awa 30 kafin ta cika daga fanko. Cajar gida mai kilowat 7 tana cika ta cikin awa 10. Cajar sauri mai kilowat 50 kuwa tana kai ta kashi 80 cikin kamar awa ɗaya.

Awa 30 ɗin ce ke tsorata mutane, alhali da wuya a buƙace ta. Irin wannan mota tana shan kusan kilowat-awa 15 a kowace kilomita 100. Wanda ke zirga-zirgar kilomita 40 a yini cikin Kano, daga gida zuwa aiki da ɗauko yara, kilowat-awa 6 kawai ya ci. Awa uku a soket ta mayar masa da abinsa. Kamar waya ce: ba ka jiran ta mutu, kana jonawa ne duk dare.

Ga wanda ke layin Band A, lissafin ya yi daɗi. A farashin Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, kilomita 100 ba ta kai naira 3,500 ba. Motar fetur mai shan lita 8 a wannan nisa, ka lissafa da kanka a farashin gidan mai na yau.

To amma mutum nawa ne a Band A? Wanda ake kawo wa wuta awa huɗu, ita ma mara ƙarfi, ko ɗan haya da motarsa ke kwana a bakin titi, shi ne motar za ta zame wa nauyi. Ya koma janareta? Fetur ɗin da ya gudu ne ya dawo ta baya. Sola mafita ce, sai dai rana tana fitowa ne lokacin da motar ke waje, don haka sai an ƙara batiran gida masu tsada. Akwai kuma wayoyin wuta na cikin bango: soket ɗin da aka haɗa da siririyar waya don fanka da talabijin, idan ya ɗauki nauyi awa shida ba tsayawa, zafi zai yi har ya narke. Ka kira mai gyaran wuta ya ja layi na daban da waya mai kauri kafin motar ta iso.

Inda rashin cajar sauri ke cizo da gaske shi ne doguwar tafiya. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, kusan iyakar abin da Kona ke iya yi a takarda. Da gudu, da na'urar sanyaya ɗaki a zafin Afrilu, ba za ta kai ba sai an tsaya a Kaduna. Wanda ke yin wannan hanya duk wata, ya riƙe motar fetur ɗinsa tukuna. Shi ya sa motocin haya na cikin gari, irin ƙananan bas ɗin da Mustapha Gajibo ya mayar na lantarki a Maiduguri, suka fi dacewa da halinmu: gajeren zango, wurin kwana ɗaya.

Ko ka samu tashar ma, duba bakin cajar motarka. Motocin Sin da yawa suna zuwa da GB/T, na Turai da CCS2, 'yan kwatano daga Amurka kuma da nasu daban. Irin rigimar cajar iPhone da ta Android ce, sai dai mahaɗin nan yana da tsada, kuma ba a samun sa a kowane shagon Farm Centre.