A Je Yawuri Ranar Da Babu Kiɗa

Jama'ar Zuru da kewaye sun san hanyar Yawuri, daga Dabai zuwa Mahuta, a ɓulla Koko, a gangara Yelwa. Amma abu biyu ne ke kai mu: sarin kifi da albasa, ko kallon bikin Rigata, inda ake tseren jirage mutane kamar ƙasa. A ganina, wanda iyakarsa ke nan bai ga Yawuri ba tukuna. Garin bakin ruwa sai an watse yake nuna fuskarsa, kuma ga mutum ɗaya yake nuna ta, domin ayari hira yake da junansa, shi kuwa baƙo tilo dole ya gaisa da masu gari.

Wannan ruwa da ake gani shimfiɗe kudu da Yelwa ba haka kakanni suka san shi ba. An soma gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, Kwara ta ja da baya ta zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130. Mutane wajen 44,000 aka tayar daga gidajensu. Tsohuwar Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce Yawuri, tana ƙarƙashin ruwa, haka kuma tsibirai da yawa na Gungawa. Wutar da ake aikawa manyan birane, da gonakin waɗannan bayin Allah da kaburburan iyayensu aka biya ta. Wannan labari ba a cikin kiɗan kalangu ake jinsa ba. Sai ka zauna kusa da dattijo mai ɗinkin taru, ba ka sauri, ba wanda ke jiranka a mota.

Har ila yau, ruwan kansa yana da nasa lissafi. Kwara sau biyu take cika a nan: farin ruwa na daminarmu, sa'an nan baƙin ruwa, wanda ya faɗi a duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso mana cikin hunturu alhali ko ɗigo bai sauka ba. Daga bazara zuwa farkon damina kuwa tafkin kan janye, baki ya faɗaɗa, kasuwa ta yi sanyi. Lokacin da nake nufi ke nan.

To, amma kada mai karatu ya ce na aike shi ya hallaka. A watannin nan ne iskar hadari kan taso ba sallama, kututturen itatuwan da tafkin ya shanye kuma su matso kusa da cikin jirgi. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgi ya kife kusa da Wara, cikin Ngaski, da mutane fiye da 150, kaɗan aka ceto. Makonni uku bayan haka 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a makarantar Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Mu mutanen ƙasar Zuru ba sai an yi mana bayanin wannan masifa ba.

Wasu za su ce tunda haka ne, kowa ya zauna gida. Ban yarda ba. Idan tsoro ya hana mu zuwa wurin maƙwabta sai da taro, za a wayi gari yaranmu ba su san Bagunge ko Bakambare ba sai a bakin masu tsegumi. Abin da ya kamata shi ne a tambayi direbobin tasha halin hanya a safiyar tafiya, a tashi da hantsi, a isa kafin la'asar, a faɗa wa na gida inda za a sauka. Jirgin da aka danƙara wa buhuna da babura, ko wanda babu rigar ruwa a cikinsa, a bar shi ya tafi. Mai tafiya shi kaɗai ba ya jin kunyar kowa in ya ce shi a gaɓa zai tsaya.