Kurkunu Ya Tafi, Amana Tana Nan

Akwai iyaye da malaman makarantar Lahadi masu cewa nanata wa yara zancen tsabta ɓata lokaci ne, wai aikin ikkilisiya ceton rai ne kaɗai. Waɗannan sun manta da Savelugu.

A shekarar 2007 kurkunu ya mamaye garin, gama ruwan famfo daga Tamale ya yanke, jama'a suka koma shan ruwan tafki. Yara da yawa suka kwanta, zuwa makaranta ya gagare su. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi. Babban makamin da aka yaƙe shi da shi gargaɗi ne safe da yamma: a tace ruwa da ƙyalle, mai ciwon kada ya shiga tafki. A 2010 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Gana.

Amma zawo bai tafi ba, motoci kuma suna gudu a kan titin Bolgatanga. Malamin da ya sa yaro haddar aya, bai koya masa wanke hannu da sabulu da duba hanya kafin ƙetarewa ba, ya ci amanar da Ubangiji ya danƙa masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.