MU GYARA SANA'ARMU: Takardar talla ba ta da baki



Tsofaffinmu suna tune da zamanin SONARA, kamfanin da gwamnati ta kafa a shekarar 1962 don cinikin gyaɗa. A lokacin nan manomin gyaɗa ba ya yawon neman mai saye. Zai kai buhunsa wurin awo, a auna, a biya shi. Yau babu SONARA. Wanda ya noma, ko ya yi turka, ko ya matse mai, shi ne zai nemo ma kayansa kasuwa da kansa. Shi ya sa a wannan wata za mu yi magana bisa takardar talla. Ita ce ƴar takardar nan da ake raba ma mutane a kasuwa, ko a manna ta a bango, don a san abin da kake saidawa.

Ga abin da ya kawo maganar. Kwanakin baya na sauka wani ƙauye bisa hanyar Tasawa. Akwai wata ƙungiyar mata da suka yi karatun yaƙi da jahilci. Suna matsar man gyaɗa, suna toya ƙuli-ƙuli. Man nasu mai kyau ne, na gani da idona. Suka ciri kuɗi cikin asusunsu, suka aiki wani yaro birni ya bugo masu takarda 200. Suka raba ranar kasuwa. Mako uku suka wuce, ko mutum ɗaya bai zo saboda takardar ba. Shugabarsu ta miƙo mani ɗaya, ta ce: "Malam, duba mana, ko sammu aka yi mana?"

Na duba. Babu sammu. Daga sama an gaida hakimi, an gaida maigari, an yi godiya ga malamin da ya koya masu karatu. Sannan tarihin ƙungiya, sannan sunayen mata goma sha biyu. Baƙaƙen ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi. Man gyaɗa sai can ƙasa aka ambace shi. Ba a faɗi kuɗinsa ba. Ba a faɗi inda za a same shi ba.

Ku lura da yarinya mai tallan ƙosai. Ba ta tsayawa faɗin sunan kakanta. Kalma biyu take kira, kowa ya san abin da ke bisa kanta. Takardar talla ma haka ya kamata ta zama. Amma akwai bambanci ɗaya babba. Yarinya kana iya tsaida ta ka ce: nawa-nawa? Ta ba ka amsa. Takarda ba ta da baki. Abin da ba ka rubuta ba, ba za ta faɗa ba. Don haka tambayoyi huɗu da mai saye zai yi, dole amsarsu ta zama tana ciki: Mine ne? Nawa ne? Ina ake samu? Yaushe?

Sunan kaya shi ne zai hau sama, da manyan baƙaƙe, yadda mai wucewa bisa amalanke zai karanta ba tare da ya sauka ba. Kuma kaya ɗaya, ba biyar ba. In kana da albasa, da raguna, da irin shuka, kada ka cusa su wuri guda. Kowane da lokacinsa, kowane da mai sayensa. Ka kira kayan da cikakken sunan da masu saye suka sani. "Albasa" da "albasar Galmi" ba ɗaya ba ne a kunnen ɗan kasuwa. "Rago" da "balami" ba ɗaya ba ne. Mai jar akuya ta Maradi ya rubuta haka nan. Mai saida irin gero ya faɗi sunan irin, misali HKP, da shekarar da aka girbe shi, domin manomi mai hankali zai so ya sani.

Yanzu maganar kuɗi. Nan ne ake yawan faɗawa rami, don haka mu tsaya mu fahimta da kyau.

Mu a baki da dala muke lissafi. Amma lambar da ke bisa kuɗin sefa ce. Dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ce. Dala ɗari sefa 500 ce. Jikka ɗaya sefa 1.000 ce. To, in ka rubuta "ƙuli-ƙuli: 20" kawai, mi kake nufi? Kai a ranka dala ashirin ce. Ma'aikacin da ya yi lakkol zai karanta sefa ashirin, wato dala huɗu. Ya zo da murna, ka ce masa ba haka ba ne, ya tafi yana cewa kai maƙaryaci ne. Haka kuma in ka rubuta 500 kana nufin sefa, wata tsohuwa za ta ɗauka dala ɗari biyar ce, ta ce ka cika tsada, ba za ta ko leƙo ba. Maganin abin mai sauƙi ne: a rubuta duka biyu. "Sefa 500, wato dala 100." Mutanen bakin iyaka, kamar Ɗan Isa, Ƙonni da Magarya, inda naira ma take yawo, su ƙara kula. Lamba ita kaɗai ba ta isa ba, sai an faɗi kuɗin wace ƙasa ne.

A faɗi ma'auni kuma: tiya ce, ko buhu, ko litar, ko kilo.

Wani zai ce: ai kuɗin kaya ba ya zama wuri ɗaya, na kaka daban, na bazara daban. Gaskiya ne. Sai ka bar gurbin kuɗin fili a lokacin bugu, ranar rabawa ka cike da bik. Wani kuma zai ce: ni ba na son a san kuɗina, na fi son a zo a yi tayi. Ga dabba, na yarda, domin kowane rago da girmansa. Amma ko a nan kana iya cewa "daga jikka kaza zuwa sama". Mutum ba ya ɗaukar ƙafa ya yi tafiyar rabin yini don abin da bai san ko aljihunsa zai iya ba.

Wurin da ake samunka, ka kwatanta shi kamar yadda za ka kwatanta ma baƙo. Garuruwanmu ba su da lambar gida. A ce: gabas da masallacin Juma'a, ko kusa da tasha, gindin dogon yaro. A faɗi rana. In kana cin kasuwar Maradi, Litinin ce ko Juma'a? Damagaram Alhamis, Tawa Lahadi. Lambar salula kuwa lambobi takwas ne. A rubuta su bibbiyu, da girma. Kafin a buga, wani ya karanta lambar daga takardar ya kira ta a gabanka, ka ji salularka ta yi kuka. Lamba ɗaya in ta kuskure, takarda ɗari sun zama na ƙunshe tsire.

Kada mu manta, a ƙasarmu cikin manya uku wajen ɗaya ne ke iya karatun boko. Saboda sauran biyun, a sa zane. Kwalbar mai, ko rago, ko albasa. Zane da baƙin layi bisa farar takarda ya fi hoto. Hoton da aka ɗauka da salula, in ya bi ta injin hotokopi, sau da yawa baƙi ƙirin yake fitowa, ba ka gane rago ne ko jaki. A kowane gari akwai yaron da ya iya zane. A neme shi. Kuma a bar fili fari a gefe da tsakanin layuka. Gonar da aka cika ma shuka ba ta yin zangarniya, ido ma yana son wurin shaƙatawa.

Da wane harshe za a rubuta? Da harshen mai saye. Tun shekarar 2025 Hausa ce aka ɗora a matsayin harshen ƙasa, ba abin kunya ba ne ka yi talla da ita. In kayan za su tafi Yamai ko Doso, layi ɗaya na Zabarmanci ko Faransanci zai taimaka. Akwai kuma mutane da yawa da ba su yi boko ba amma sun yi allo. In malamin garinku ya rubuta sunan kayan da ajami a ƙarƙashi, su ma sun samu. Sai dai ina roƙo: kada a sa aya ko sunan Allah a takardar talla. Wannan takarda ce da za ta faɗi ƙasa, a taka ta, iska ta kai ta juji.

In ka kai rubutunka wurin mai kwamfuta, kada ka ba shi ka tafi shan shayi. Da yawansu da Faransanci suka saba, ba su san inda ƙ, ɗ da ɓ suke ba. Ka rubuta "gero mai tsabta, babu ƙura", shi ya buga "babu kura". Mutane su yi ta dariya, suna cewa da ma wa ya ce akwai kura cikin buhu? In injinsa ba ya da baƙaƙen nan, ka sa masu lanƙwasa da bik kafin a yi hotokopi. Wanda kuma ke da hannu mai kyau ba ya bukatar kwamfuta. Ya rubuta da baƙin alƙalami mai kauri, a kai hotokopi kai tsaye.

Ga dabarar rage kashe kuɗi. Farar takardar ofis, wadda ake ce ma A4, tana yankuwa gida huɗu. A rubuta tallar sau huɗu bisa takarda ɗaya. In a ce hotokopi ɗaya dala biyar ne, takarda 25 za su ci dala 125, wato sefa 625. Ka yanka su da reza, ka samu ƴan takardu 100. Ta manna ma bango ita ce za a bari da girmanta.

Ga yadda muka sake rubuta ta matan nan. Kuɗin misali ne kawai:

MAN GYAƊA TSANTSA
Litar ɗaya: sefa 1.250, wato dala 250
Kullum da safe, gidan ƙungiyar mata, yamma da fanfo
Ranar kasuwa: rumfa ta biyu daga bakin tasha
Ku zo da kwalbarku

A gefe aka zana kwalba, a ƙasa aka sa lambar salula. Shugabar ta ɗan ɓata rai da aka cire gaisuwar maigari. Na ce mata: "Hajiya, maigari a kai masa litar ɗaya gida, zai fi jin daɗinta da ganin sunansa a takarda."

Kalmar nan "tsantsa", sai da na tambaye su sau biyu kafin mu sa ta. In an rubuta tsantsa, to ya zama tsantsa. In an rubuta litar, ta cika litar. Maganar baki ana iya musunta ta. Ta takarda tana aljihun mai saye, zai fiddo ta gaban jama'a. Mai iri da ya rubuta "na bana" alhali na bara waccan ne, in shuka ba ta tsira ba, damana guda ya kashe ma ɗan'uwansa, kuma sunansa da lambarsa suna nan a rubuce.

Saura rabawa. Tallar iri a fara ta tun watan Mayu, kafin ruwan shuka. Tallar rago, mako uku ko huɗu kafin layya. Kada a ba yara su watsa, za su yi jirgi da ita. A miƙa hannu da hannu ga wanda ake zaton zai saya: masu tuwo-tuwo, masu ƙosai, mahauta, direbobin tasha. Kafin a manna a bango, a nemi izinin mai bangon, a kasuwa kuma a gaya ma sarkin kasuwa. A manna da ƙaro ko kunun rogo, daidai idon mutum tsaye. In ta yi ƙasa, akuya ce za ta fara karanta ta.

Kafin matan nan su kai tasu bugu, mun yi gwaji. Muka tsaida wani baƙo da ya zo daga wani gari. Muka nuna masa takardar, na ƙirga biyar, na ɓoye ta. Na ce: mi ake saidawa? Ya ce man gyaɗa. Nawa? Ya faɗa daidai. A ina? Nan ya tsaya, ya ce garin nan fanfo biyu ya gani, wanne ciki? Mu duka ba mu tuna da haka ba, domin mu mun san wanda muke nufi. Sai aka gyara, aka rubuta "fanfon bakin lakkol", sannan aka ba yaro ya tafi da ita birni.