Ra'ayinmu: Ciwon wuya, a fara da ganin likita ido da ido, a ci gaba ta waya

Ciwon wuya na cikin larurorin da jama'a ba su cika ɗauka da muhimmanci ba, domin ba kasafai yake kwantar da mutum a asibiti ba. Amma telan da ke wuni a sunkuye kan keke, da ma'aikacin da ke kafe ido a kwamfuta tun safe har la'asar, da direban babbar mota mai zirga-zirga tsakanin Legas da Kano, da baiwar Allahn da ke ɗaukar jarkar ruwa ko damin itace a ka, duk sun san yadda yake hana barci, yake rage aiki, yake kuma cinye ɗan abin da aka samu. Wani nazari da mujallar The Lancet Rheumatology ta wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 203 ne ke fama da ciwon wuya a duniya a shekarar 2020, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 269 nan da 2050. Mata sun fi maza yawa a cikinsu.

Idan ciwon ya wuce wata 3 bai tafi ba, masana na ɗaukarsa a matsayin mai daɗewa. A nan ne yawancin mutanenmu ke komawa ga kantin magani, su riƙa haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi safe da yamma, alhali daɗewa a kan irin waɗannan ƙwayoyi na iya jawo gyambon ciki, yana kuma iya taɓa ƙoda. Abin da bincike ya fi ƙarfafawa a kan ciwon wuya na yau da kullum shi ne atisayen da aka tsara: ƙarfafa tsokokin wuya da na kafaɗa da na allon kafaɗa, miƙar da waɗanda suka ɗaure, da gyara yadda mutum ke zama da yadda yake aiki. A wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan, wanda mujallar JAMA ta wallafa a 2003, an ɗauki mata 180 ma'aikatan ofis masu wannan ciwo. An koya wa wasu daga cikinsu atisayen wuya na 'yan kwanaki a wata cibiya, sannan suka ci gaba da yi a gida har shekara guda. A ƙarshe ciwonsu ya ragu fiye da na waɗanda ba su samu wannan horo ba, da tazara mai yawa.

Mai tsara irin wannan atisaye shi ne likitan fisiyo, wanda Hausawa suka fi sani da likitan gashin ƙashi. Matsalar ita ce ganinsa sau ɗaya ba ya wadatarwa. Akan buƙaci mara lafiya ya riƙa komawa sau biyu ko uku a mako, har tsawon makonni. Likitocin kuwa sun taru a asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya da asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano da na Igbobi a Legas da na Inugu, sai kuma asibitoci masu zaman kansu a manyan birane. Da wuya a samu ko ɗaya a cibiyar kiwon lafiya ta matakin farko. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka. Wanda zai taso daga Abaji ko Kwali zuwa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ko daga wani ƙauye a Jigawa zuwa Kano, zai biya kuɗin zuwa da dawowa, ya biya na asibiti, ya kuma yi asarar aikin yini. Mutane da yawa kan je sau biyu ko uku, su ga aljihu ba zai ɗauka ba, su haƙura.

Wannan ne ya sa batun yin atisaye daga nesa, ta kiran bidiyo ko kiran waya ko manhaja, ya cancanci a zauna a duba shi da idon basira. Annobar korona ta 2020 ce ta tilasta wa asibitoci a ƙasashe da dama gwada shi, daga nan masu bincike suka shiga auna shi da ganin likita ido da ido. Gwaje-gwaje da dama a kan ciwon wuya mai daɗewa, waɗanda aka yi wasunsu a Turkiyya, sun nuna cewa waɗanda likita ya jagoranta ta bidiyo sun samu sauƙin ciwo da ƙarin iya gudanar da harkokinsu kusan daidai da waɗanda suka je asibiti. A Ostireliya, wani babban gwaji na mutum 394 masu ciwon gwiwa, wanda The Lancet ta wallafa a 2024, ya gano cewa ganawa ta bidiyo ba ta gaza ta ido da ido ba. A nan gida ma ba a bar mu a baya ba. Tun a 2013 masana daga Jami'ar Ibadan suka gwada bibiyar masu ciwon gwiwa ta kiran waya zalla, a 2019 kuma masana daga Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kwatanta atisayen ciwon baya ta manhajar waya da na asibiti na tsawon mako 8. Duka biyun sun samu sakamako mai kama da juna tsakanin ɓangarorin.

Dalilin hakan a fili yake. Sunan da muka laƙaba wa wannan fanni, wato gashi, ya sa mutane da yawa sun ɗauka cewa maganin yana cikin fitila mai zafi ko na'urar da ake manna wa jiki. Waɗannan na iya kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma babban aikin tsokar mara lafiya ce ke yinsa, kuma ba wanda zai yi masa. Aikin likita shi ne ya zaɓi atisayen da ya dace, ya nuna yadda ake yi, ya gyara kuskure, ya ƙara nauyi ko ya rage gwargwadon yadda jiki ya karɓa, ya kuma hana mutum karaya idan sauƙi ya yi jinkiri. Da yawan waɗannan ana iya yinsu ta bidiyo. Hasali ma, likitan da ke kallo ta waya yana ganin abin da ba zai taɓa gani a asibiti ba: tsayin kujerar da mutum ke zama, inda ya ajiye kwamfutarsa, da irin matashin da yake kwana a kai.

Sai dai akwai abin da bai kamata murna ta sa a manta ba. Galibin gwaje-gwajen da aka yi a kan wuya ƙanana ne, na 'yan makonni, kuma mutanen da aka saka a ciki sai da aka tantance su, aka cire duk wanda ciwonsa ke da alamar haɗari. Ma'ana, sakamakon ya shafi mutumin da aka riga aka tabbatar cewa ciwonsa na tsoka da gaɓa ne. Tantancewar kuwa aikin hannu ne. Kyamara ba ta iya taɓa wuya ta ji inda ya ɗaure, ba ta iya gwada ƙarfin yatsu da na dantse, ba ta iya buga 'yar gudumar roba a gwiwar hannu domin a ga yadda jijiya ke amsawa.

A ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Arewacin Najeriya na cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a lokacin zafi, kuma sandarewar wuya tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani alama ce ta a garzaya asibiti nan take. Tarin fuka, wanda Najeriya ke cikin ƙasashen da suka fi fama da shi, yana iya kama ƙashin baya har da na wuya. Wanda ya faɗo daga babur zai iya samun tsagewar ƙashin da bai sani ba. Dattijon da abu ya fara suɓucewa daga hannunsa, ko ya kasa saka maɓallin riga, ko tafiyarsa ta fara tangaɗi, mai yiwuwa lakarsa ce ake dannewa. Haka nan ciwon da ke tafe da rama ba dalili, ko sagewar hannu da ke ƙaruwa kullum. Duk wanda aka ba wa atisaye ta waya a cikin waɗannan, an ɓata masa lokacin da ya fi kowane tsada. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan mataki ganin da ake nufi har da taɓawa.

Akwai kuma cikas irin namu na gida. Kiran bidiyo na rabin sa'a yana cin data, ga shi a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin 100. Wutar cajin waya ba ta da tabbas, sabis yana yankewa a karkara, kuma mutanen Zamfara ba su manta da yadda aka rufe layukan waya a jihar a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro ba. Mata da yawa, waɗanda su ne ciwon ya fi kamawa, ba su da babbar waya ta kansu. Wadda take da ita ma tana da haƙƙin ta tambaya: idan na buɗe wuyana da kafaɗata a gaban kyamara, wa ke kallo, ana naɗa ko ba a naɗa, ina kuma hoton zai ƙare? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta saka bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, kuma dole duk asibitin da zai shiga wannan harka ya san nauyin da ke kansa.

Babban haɗarin ma ya riga ya shigo gari. TikTok da Facebook da WhatsApp cike suke da bidiyon masu cewa za su warkar da ciwon wuya cikin kwana uku, da masu murɗe wuyan mutane har ya yi ƙara, da masu tallar mai da kwalar wuya. Kallon irin wannan bidiyo a kwaikwaya daban yake da jinya daga nesa, domin babu wanda ya san tarihin mai kallon, babu kuma wanda zai ɗauki alhaki idan abu ya ɓaci. Fizgar wuya da ƙarfi, ko da yake ba kasafai ba, tana iya yaga jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa, ta jawo shanyewar ɓarin jiki.

Matsayin wannan jarida shi ne a haɗa hanyoyin biyu, kowace a inda ta fi amfani. Ganawar farko ta kasance ido da ido, a duba mutum sosai, a koya masa atisayen har hannunsa ya faɗa. Daga nan a ci gaba da bibiyarsa ta bidiyo, ko ta kiran waya ga wanda ba shi da data, a kuma sa masa ranar dawowa bayan wasu makonni, ko nan take idan wata sabuwar alama ta bayyana. Mai zuwa asibiti sau goma sha biyu zai koma zuwa sau biyu ko uku, layin asibiti ya ragu, likita ya samu lokacin masu shanyewar jiki da yara masu larurar ƙwaƙwalwa waɗanda ba su da makawa sai hannunsa.

Domin hakan ta tabbata, muna kira ga hukumar MRTB, wadda doka ta ɗora wa rajistar likitocin fisiyo tun 1988, da ta haɗa kai da ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa su shimfiɗa ƙa'ida bayyananniya a kan wanda ya halatta a duba daga nesa, da wanda bai halatta ba, da yadda za a adana bayanansa. Ta kuma sauƙaƙa wa talaka hanyar tantance ko mai kiran kansa likita a intanet yana da lasisi. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta wajabta wa 'yan ƙasa shiga tsarinta, da takwarorinta na jihohi, su sanya wa ganawar nesa farashi su riƙa biya. Matuƙar asibiti ba ya samun komai sai mara lafiya ya tako da ƙafarsa, ba zai taɓa ce masa ya zauna a gida ba.

Gwamnatocin jihohi na iya farawa da abin da ke hannu. A zaɓi cibiyar lafiya ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a sa mata wutar sola da babbar waya, a horar da ma'aikacin lafiya ɗaya namiji da ɗaya mace su riƙa tsayawa da mara lafiya yayin da likitan fisiyo ke jagoranta daga babban asibiti. Wannan zai warware matsalar data da ta kunya a lokaci guda. Sassan fisiyo na Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri su shirya gajerun bidiyo da saƙon murya cikin Hausa da Kanuri da Fulatanci, su kuma gudanar da gwaji a kan ciwon wuya a tsakanin teloli da manoma da masu ɗaukar kaya a ka, domin yanayin jikinsu da aikinsu ya sha bamban da na ma'aikaciyar ofis a Turai.

A watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri cewa ƙasashe su shigar da aikin farfaɗo da jiki cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko, kuma Najeriya mamba ce a wannan taro. Kada wata gwamnati ta fake da waya ta ce ta cika wannan alkawari. A ɗaya ƙarshen kowane kira dole a samu likita mai albashi da ke zaune a ƙasar, alhali ƙwararrunmu na ta ficewa zuwa Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. Ɗaukar su aiki da riƙe su shi ne tushe. Mai fama da ciwon wuya kuwa, shawararmu gare shi ita ce ya daure ya je a duba shi sau ɗaya, ya tambayi likitan ko zai yiwu a ci gaba da bibiyarsa ta waya, sannan ya riƙe atisayen da aka ba shi kullum ba fashi, ko da sauƙin ya ɗauki makonni kafin ya bayyana.