Rushe Ɗakin Ibadar Wani Ba Jarumtaka Ba Ce

Akwai wata magana da ke yawo a bakin waɗansu mutane, wai duk inda aka sami tsohon ɗakin ibada na mabiya addinin Buda ko na Hindu a ƙasar da mutanenta suka musulunta, abin da ya kamata shi ne a baje shi, gama gidan gumaka ne, barinsa tsaye kuwa raunin imani ne. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Za mu kawo dalilanmu daga ƙasashe uku na gabas, watau Indunusiya da Afganistan da Indiya, domin mai karatu ya auna da kansa, ya ga wanda ya ci riba da wanda ya yi hasara.

Bari mu fara da Indunusiya. Ƙasa ce ta tsibirai masu yawan gaske can gabas da Indiya, mutanenta sun wuce miliyan 270, kuma cikin kowane mutum goma kusan tara Musulmi ne. Kafin Musulunci ya kafu a wurinsu, kakanninsu addinin Hindu da na Buda su ke bi. Shi Buda wani ɗan sarki ne da aka haifa a ƙasar da a ke kira Nepal yanzu, kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bar sarauta ya shiga koya wa mutane gudun duniya da tausayin duk mai rai.

A tsakiyar tsibirin Jawa, wajen mil 25 daga birnin Yogyakarta, akwai wani gini da a ke kira Borobudur, wanda babu ɗakin ibadar Buda da ya kai shi girma a duniya. Sarakunan gidan Sailendra suka gina shi wajen shekara ta 800. Hawa tara gare shi, shida na ƙasa masu kusurwa huɗu, uku na sama zagayayyu, da babbar ƙubba a kan tsololuwa. Kowane gefe nasa ya kai ƙafa 400. An gina shi da duwatsu sassaƙaƙƙu kimanin miliyan biyu, an haɗa bakinsu da juna ba tare da siminti ko laka ba. A jikin bangayensa akwai allunan dutse 2,672 da aka sassaƙa labaru da zane-zanen ado a kansu, kuma a farkonsa siffofin Buda 504 ne a cikinsa. Ba da nisa sosai ba kuma akwai Prambanan, ɗakin ibadar Hindu na wannan zamani, wanda hasumiyarsa ta tsakiya ta haura ƙafa 150.

Sa'ad da mulki ya koma gabashin tsibirin, aka bar Borobudur, toka daga duwatsu masu aman wuta ta binne shi, kurmi ya rufe shi. A 1814 Raffles, Baturen Ingila da ke mulkin Jawa a lokacin, ya ji labarinsa, ya aika aka sare itatuwan aka tone shi. Turawan Holan suka yi masa gyara daga 1907 zuwa 1911. Amma babban gyaran da ya cece shi daga faɗuwa, gwamnatin Indunusiya ce ta yi shi bayan samun mulkin kai, da taimakon hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga 1975 zuwa 1982 aka kwance duwatsu fiye da miliyan ɗaya, aka sa wa kowanne lamba, aka wanke, aka gina magudanar ruwa a ƙarƙashi, sa'an nan aka mai da kowane dutse wurinsa. A 1991 aka sa Borobudur da Prambanan cikin wuraren tarihi da duniya duka ta yi alkawarin kiyayewa.

To, me ya sa ƙasar Musulmi za ta kashe dukiya da ƙarfi haka a kan ginin addinin da mabiyansa ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a ƙasar? Dalili na farko shi ne, ginin nan littafin tarihinsu ne. A jikin allunan an zana manoma suna huɗa da shanu, da 'yan kasuwa, da makaɗa, da gidaje, da jiragen ruwa masu filafilai. Bajawe Musulmi in ya duba, kakansa ya ke gani, da irin sana'arsa da tufafinsa. Har ma an sassaƙa jirgin katako bisa ga siffar wanda ke jikin bangon, aka tashi da shi daga Jakarta a 2003, ya ratsa teku ya zagaya kudancin Afirka, ya iso Akara ta ƙasar Gana a 2004, domin a nuna irin tafiyar da mutanen da ke iya yi. Da an fasa allon nan, wa zai san haka? Dalili na biyu kuwa, masu ibadar suna nan da ransu, 'yan ƙasa ne kamar kowa, suna biyan haraji. Kowace shekara ranar Waisak, watau ranar tunawa da haihuwar Buda da wafatinsa, mabiyansa su kan yi jerin gwano da ƙafa daga ɗakin ibada na Mendut zuwa Borobudur, ranar kuwa hutu ce a ƙasar duka. Haka kuma ranar Nyepi, sabuwar shekarar Hindun tsibirin Bali, ranar da ko jirgin sama ba ya sauka a tsibirin har kwana ɗaya cur.

Masu son rushewa su kan ce barin irin waɗannan gine-gine zai ja mutane su koma bautar gumaka. Sai mu tambaye su, ina shaida? Jawa ta yi shekara wajen 500 da musulunta, gine-ginen nan suna zaune a cikinta, amma yau babu ƙasar da a ke ba ta kujerun aikin Hajji kamar Indunusiya, fiye da 200,000 a shekara. Ƙauyukan da ke kewaye da Borobudur na Musulmi ne, ladan yana kiran salla sau biyar a yini, masu yawon buɗe ido suna jinsa daga kan ginin. Imanin da dutse zai iya girgiza shi, lalle tun can ba shi da saiwa.

Malaman da suka yaɗa Musulunci a Jawa ma ba da guduma suka yaɗa shi ba. A garin Kudus, wanda aka sa wa suna don tunawa da Birnin Ƙudus, akwai masallacin da wani waliyyi mai suna Sunan Kudus ya gina a 1549. Hasumiyarsa ta jan bulo ce, an gina ta da siffar hasumiyar Hindu, domin mutanen garin su ga abin da suka saba gani, kada su tsorata. Mutanen garin suna ba da labari cewa shi wannan malami ya hana almajiransa yanka saniya, saboda Hindu suna girmama ta. Har wa yau da yawa daga Musulmin Kudus ɓaunar gida irin ta ƙasarsu su ke yankawa, ko da a layya. Wa zai ce wannan malami rarraunan imani gare shi, alhali kuwa ta hannunsa da na 'yan'uwansa tsibirin ya musulunta?

Kada a ɗauka Indunusiya ba ta da masu zafin kai. Ran 21 ga Janairu 1985 waɗansu suka dasa bama-bamai a Borobudur, ƙubbobi tara suka lalace. Gwamnati ta gyara su, ta kama masu hannu a ciki, kotu ta ɗaure su. Da dutsen Merapi ya yi aman wuta a 2010, toka ta lulluɓe ginin, mutanen yankin suka fito da tsintsiya da buroshi suka taya ma'aikata sharewa.

Yanzu sai mu dubi ƙasar da aka bi shawarar masu rushewa. A kwarin Bamiyan, tsakiyar Afganistan, an sassaƙa siffofin Buda guda biyu a jikin dutse kimanin shekara 1,400 da suka wuce, ɗaya tsayinsa ƙafa 180, ɗaya ƙafa 125. Sarakunan Musulunci sun mulki ƙasar fiye da shekara dubu, waɗansu sun yi musu ɓarna, amma ba wanda ya kawar da su. Mutanen kwarin, ƙabilar Hazara, Musulmi ne, ba sa bauta musu, sun dai sa musu suna Salsal da Shahmama, sun ɗauke su alamar garinsu. Shugaban Taliban, Mulla Umar, ya ba da umurni, a watan Maris 2001 kuma aka fasa su da igwa da nakiya. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta aika da manyan malamai zuwa Kandahar, cikinsu har da Muftin Masar da Shehu Yusuf Alƙardawi, suka roƙa a bari, aka ƙi. Ko Pakistan da Saudiyya, waɗanda suka amince da gwamnatin Taliban a lokacin, ba su goyi bayan aikin ba.

An ce wai abin da ya fusata su shi ne ganin Turawa suna son kashe kuɗi a kan duwatsu alhali yara suna mutuwa da yunwa. Yunwar gaskiya ce, kuma wanda ya fi jin tausayin dutse bisa ga ɗan Adam ya cancanci zargi. Amma wane yaro ne ya ƙoshi da aka fasa su? Makonni aka yi ana ƙona nakiya, ba a sami ko mudu ɗaya na alkama daga ciki ba. Abin da ya rage wa mutanen Bamiyan shi ne ramuka biyu a jikin dutse, da baƙin suna da aka jawo wa addinin da aka ce don shi aka yi.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ya dubi Indiya, inda gudumar ta faɗa a kan masallaci. A garin Ayodhya akwai masallacin Babri, wanda aka gina a 1528. Waɗansu Hindu suka ce nan ne aka haifi Rama, abin bautarsu, kuma a kan kufan ɗakin ibadarsu aka gina shi. Ran 6 ga Disamba 1992 taron jama'a suka hau shi da diga da guduma suka baje shi cikin yini guda. Rikicin da ya biyo baya ya ci rai kimanin 2,000, yawancinsu Musulmi. A Pakistan da Bangladesh kuma aka huce a kan ɗakunan ibadar Hindu, na talakawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A 2019 Kotun Ƙoli ta Indiya ta ce rushewar ta saɓa wa doka, amma duk da haka ta ba Hindu filin, aka buɗe sabon ɗakin ibadarsu a wurin a Janairu 2024.

Ya mai karatu, hujjar da aka rushe Babri da ita, ita ce hujjar da aka fasa Bamiyan da ita, watau mu ne masu yawa, mu ne masu ƙarfi, abin da ba namu ba ne ba shi da wurin zama. Wanda ya yi tafi ranar Bamiyan, da wane baki zai yi kuka ranar Ayodhya? Kowane mai addini, in yana da rinjaye a wannan ƙasa, to, a wata ƙasar shi ne marar rinjaye, kuma masallacinsa yana tsaye ne bisa amanar maƙwabta. Shi ya sa magabata suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ba mu ce kowa ya yarda da abin da a ke bauta wa a Borobudur ko Prambanan ba. Kowa ya riƙe addininsa da kyau, ya yi wa'azi da baki mai daɗi kamar yadda malamin Kudus ya yi. Amma ginin da kakannin wata al'umma suka yi, wanda 'ya'yanta ke karanta asalinsu a jikinsa, waɗansunsu kuma ke ibada a cikinsa, amana ce a hannun masu rinjaye, kuma wajibi ne hukuma ta tsare shi kamar yadda ta ke tsare masallacin Juma'a. Duk sa'ad da ka ji wani yana yabon masu fasa irin wannan gini, ka tambaye shi ko mutum nawa suka musulunta a dalilin faɗuwar Salsal da Shahmama, sa'an nan ka ba shi labarin hasumiyar Kudus, wadda har yau a ke buga ganga a kanta don sanar da lokacin salla.